Likita Ɗaya Cikin Ɗari



A Amurka akwai rumbun bayanai na gwamnati da ake rubuta sunan duk likitan da aka biya wani diyya saboda ƙarar sakaci da aka shigar a kansa. A 2016, Farfesa David Studdert na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa suka tace bayanan 2005 zuwa 2014, ƙararraki sama da 66,000. Sai ga shi kashi 1 kacal cikin 100 na likitoci ke ɗauke da kusan kashi 32 na ƙararrakin da aka biya diyya a kansu.

Ku lura da wannan da kyau. Likitan da aka biya diyya sau uku a kansa, haɗarin a sake ya ninka na mai sau ɗaya har sau uku. Gaskiya ne fanni ma na da tasiri, don likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ya fi likitan taɓin hankali shan ƙara nesa ba kusa ba, kuma ba kowace ƙara ce hujjar laifi ba. Amma Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Idan koke ya yi ta maimaituwa a kan mutum guda, jiran gawa ta gaba zalunci ne ga marasa lafiya.

A Najeriya, Majalisar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori tana da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa. Wanda aka cuta a asibiti, don Allah kada ya tsaya a "haka Allah Ya ƙaddara". Ya rubuta koke, ya kai.