Obalbumin: Babban Furotin Da Ke Cikin Farin Ƙwai

 

Sinadarin da zan yi magana a kansa kowa a ɗakin nan ya taɓa cinsa, wataƙila ma yau da safe, amma kaɗan ne suka san sunansa. Ana ce masa obalbumin. In aka fasa ƙwan kaza aka ware gwaiduwa gefe, ruwan nan mai yauƙi da ya rage, wajen kashi 88 cikin 100 nasa ruwa ne zalla, kashi 10 zuwa 11 kuma furotin. A cikin furotin ɗin fiye da rabi, kimanin kashi 54, obalbumin ne. Mai bi masa, obotiransferin, bai wuce kashi 12 ba, obomukoyid kuma 11.

Ku ɗauki furotin kamar carbi. 'Ya'yan carbin su ne amino asid, iri 20 ne, kuma obalbumin yana da guda 385 a jere, kowanne a gurbinsa. Sai dai ba a miƙe yake ba. Naɗe yake, naɗi na musamman wanda ba ya saɓawa daga wannan ƙwaya zuwa waccan: sassan da ke shiri da ruwa suna waje, waɗanda ba sa shiri da shi an cusa su ciki. Abin da ya sa ke nan yake narke a cikin ruwan ƙwai, har mutum ya hango gwaiduwa ta cikinsa. A jikinsa akwai ɗan reshen sukari guda, da gurbi biyu da fosfet ke maƙalewa. Akwai kuma amino asid guda shida da ake kira sistin, masu ɗauke da farar wuta. Biyu sun riƙe juna, huɗu na nan a sake, a ɓoye cikin naɗin. Ku riƙe waɗannan huɗun, za mu dawo kansu.

Yanzu ku tsaya a gaban mai shayi ku dubi kaskonsa. Ya zuba mai, ya fasa ƙwai, kafin ya ɗauko cokali gefen ya fara yin fari-fari, tsakiya kuwa tana nan tana rawa. Wannan farin na farko ba aikin obalbumin ba ne. Obotiransferin ne, wanda ba ya jure zafi, da an haura digiri 60 a ma'aunin Salshiyas ya saki. Obalbumin sai an kai wajen digiri 84 yake kwancewa. Da ya kwance, sassan nan na ciki masu gudun ruwa suka bayyana, sai su manne da irinsu na maƙwabciyar ƙwaya. Sistin huɗun nan su ma sun fito fili, su ƙulla da na wasu, farar wuta da farar wuta. Cikin ɗan lokaci an samu raga mai kauri wadda ta tsare ruwan a cikinta, haske ba ya ratsa ta sai ya warwatse, ido ya ga fari. Jerin amino asid ɗin bai canza ba ko ɗaya, naɗin ne kawai ya tafi. Mai yin kek da ke kaɗa farin ƙwai har ya yi kumfa, ita ma kwance shi take yi, amma da iska da ƙarfin hannu. In kuwa aka bar ƙwai ya daɗe yana tafasa, farar wutar takan fita a matsayin iska mai wari, ta haɗu da sinadarin ƙarfe na gwaiduwa, shi ne koren zoben nan da kuke gani a dafaffen ƙwan tasha. Ba ya cutarwa, alama ce dai an wuce misali wajen dafuwa.

A nan ina da magana da samarinmu masu ɗaga ƙarfe, da duk wanda aka ce masa ɗanyen ƙwai a cikin madara ya fi ƙara ƙarfi. A 1998 masu bincike a Leuven ta ƙasar Beljiyam sun auna yadda ƙaramin hanjin mutum ke tsotse furotin ɗin ƙwai. Dafaffe, kimanin kashi 91 cikin 100. Ɗanye, kimanin kashi 51. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: enzayim ɗin ciki sun fi samun wurin yanka a furotin da ya riga ya kwance. Ga kuma abidin, wani ɗan furotin a ɗanyen farin ƙwai da ke kama bitamin biyotin ya hana jiki amfana da shi, ga haɗarin ƙwayar cutar salmonela. Mai shan ɗanye ya biya kuɗin ƙwai biyu ya ci moriyar ɗaya da ɗan ɗoriya.

Me ya sa masana suka san wannan furotin ciki da bai? Araha. A zamanin da samun furotin mai tsabta ke da matuƙar wuya, ƙwai na nan a kowace kasuwa. Wajen 1890 Franz Hofmeister, a birnin Prague, ya yi amfani da gishirin amoniyam salfet ya fitar da shi a siffar kiristal, yana cikin furotin na farko-farko da aka yi wa haka. Søren Sørensen, mutumin da ya kawo ma'aunin pH a 1909, ya shafe shekaru yana nazarinsa a Kopenhagen. Daga baya kaza ta sake yin rana. Ana yin obalbumin ne a wani sashe na bututun ƙwai, inda gwaiduwa ke yin kamar awa uku ana lulluɓe ta da fari, kuma homon ɗin estirojin ne ke tayar da aikin. Da ake bin diddigin ƙwayar gadonsa, a 1977 Pierre Chambon da abokan aikinsa a Strasbourg ta Faransa suka tarar saƙon ba a haɗe yake a cikin DNA ba, a yanke yake, da wasu gutsattsari a tsakani waɗanda ake cirewa kafin a karanta. Guda bakwai ne a ƙwayar gadon obalbumin. A wannan shekarar Richard Roberts da Phillip Sharp suka ga irin haka a wata ƙwayar bairos, su aka ba kyautar Nobel a 1993. Yau mun san akasarin ƙwayoyin gadon ɗan Adam haka suke.

To amma ga inda gizo ke saƙar. A 1980 Lois Hunt da Margaret Dayhoff suka kwatanta jerin amino asid na furotin daban-daban, suka ga obalbumin ɗan dangi ne ga antitirombin, wanda ke hana jinin mutum daskarewa barkatai, da wani mai kare huhu daga lalacewa. Dangin su ne aka sa wa suna safin. Aikinsu kama enzayim masu yanka furotin. Kowannensu yana da wata lanƙwasa da ta leƙo waje. Enzayim ya zo ya yanke ta, kafin ya saki sai yankakken ɓangaren ya nutse cikin jikin safin ɗin, ya ja enzayim ɗin zuwa ɗaya gefen ya murɗe shi, shi ke nan ya tashi aiki. Obalbumin yana da wannan lanƙwasa, an gan ta ƙarara lokacin da aka fitar da siffarsa a Cambridge a 1990. Ana ma yanke ta, tun 1947 Linderstrøm-Lang da Ottesen suka nuna haka. Amma ba ta nutsewa, ba ya kama kowa. Akwai wani babban amino asid, ajinin, a gurbi na 339, daidai magaryar da ya kamata ta lanƙwashe. Da masu bincike suka musanya shi da ƙarami, lanƙwasar ta nutse, duk da haka bai zama mai kama enzayim ba. Ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne obalbumin guzuri ne kawai da aka tanadar wa ɗan tsako, wanda ke haɗiyar farin ƙwai kafin ƙyanƙyasa. Ni dai wannan amsa ba ta cika min ciki ba. In guzuri ne kawai, ina amfanin wannan siffa mai sarƙaƙiya?

Likitoci ma suna da ruwa da tsaki a ciki. Obalbumin na cikin furotin da ke tayar wa wasu yara borin jini in sun ci ƙwai, ko da yake obomukoyid ya fi shi taurin kai, don dafuwa ba ta karya shi. Allurar rigakafin shawara a cikin ƙwan kaza ake renon ta, shi ya sa ma'aikacin lafiya kan tambaya ko ƙwai yana yi wa mutum illa kafin ya yi masa.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi shafar ƙasarmu mai zafi. Ƙwai yana numfashi ta ƙananan ƙofofin ɓawonsa. Iskar kabon tana fita, pH na farin ya tashi daga wajen 7.6 zuwa sama da 9. A wannan yanayi obalbumin yakan rikiɗe a hankali ya koma wani nau'i da Smith da Back suka bayyana a Ostireliya a shekarun 1960, wato S-obalbumin, wanda sai an kai wajen digiri 92 yake kwancewa. Wannan rikiɗa ba ta komawa baya, kuma zafi na hanzarta ta. Ma'ana, kiret ɗin ƙwan da ya yini a rana a bakin titi cikin watan Afirilu ya tsufa fiye da kwanakinsa, kuma ana iya auna tsufan da yawan S-obalbumin da ke cikinsa.

Saboda haka ina kira ga ɗalibai masu neman abin bincike. Ku sayo ƙwai daga gona, ku ajiye wani a ɗaki, wani a randa, wani a firji, ku bi pH da S-obalbumin mako-mako. In damina ta faɗi ku haɗa da ƙwan zabi ku kwatanta. Masu kiwon kaji da masu gidajen burodi na buƙatar wannan sakamako, kuma kuɗin aikin bai fi ƙarfin sashenku ba.