MAI SAYEN KAYAN SATA MA ƁARAWO NE

'Yan uwa, jawabin na yau a kan wasannin da matasa ke yi tare ta intanet ne, da irin ha'incin da ke cikinsu. Misali shi ne RuneScape, wanda kamfanin Jagex na Ingila ya fitar a 2001.

A wasan nan ana tara zinare na cikin wasa, amma wasu kan sayar da shi da kuɗi na gaske. Daga nan ɓarna ta samo asali. Wasu sukan saki manhaja ta yi ta wasa a madadinsu dare da rana. Wasu kuma su turo saƙo da sunan kamfanin, wai za a rufe asusunka, su kai ka shafin bogi. Kana rubuta kalmar sirrinka, sai su wawushe wahalar shekaru.

Abin ya kai ga a Disambar 2007 kamfanin ya taƙaita cinikayya tsakanin 'yan wasa, har masu gaskiya suka ɗanɗana kuɗarsu. Sai a 2011 aka mayar da ita, kuma a Oktoban shekarar aka yi wa manhajojin nan dirar mikiya.

To 'yan uwa, wa ke raya wannan kasuwa? Mai saye ne! In ba mai saye, ɓarawon zai rasa inda zai kai kayan. Saboda haka kar a sayi zinaren nan, kar kuma a ba kowa kalmar sirri, ko da ya ce ma'aikacin kamfanin ne. Allah Ya kiyashe mu.