A Gaya wa Baƙo Gaskiyar Ganuwar Carcassonne

Duk wanda ya kai baƙo yawon buɗe ido garin Carcassonne da ke kudancin Faransa, ya kamata ya gaya masa gaskiyar abin da yake gani. Ganuwa ce riɓi biyu, tsawonta kusan kilomita 3, da hasumiya 52, amma ba duka ne aikin mutanen da ba. A ƙarni na 19 ta zama kango, har mazauna garin na kwasar duwatsunta suna gina gidaje, sai a 1853 masanin gine-gine Viollet-le-Duc ya fara gyara ta.

Wasu za su ce faɗin haka zai rage wa baƙo sha'awa, tunda ma an soki gyaran. Sukar tana da tushe: Viollet-le-Duc ya yi wa hasumiyoyi rufi mai tsini na baƙin dutse irin na arewacin ƙasar, alhali rufin kudu jan yumɓu ne. To amma wannan saɓanin shi ne abin kallo. Baƙon da aka nuna wa inda tsohon dutse ya ƙare, sabo ya hau kansa, zai tsaya ya ƙura ido, ya shafa bangon da hannunsa. Ita kanta UNESCO, da ta sa garin cikin kayan tarihin duniya a 1997, ta lissafa gyaran cikin dalilanta.