Maganin da Aka Samo Daga Funfuna



Kin san funfunar nan da ke fitowa a jikin burodi in ya kwana biyu? To, danginta na nan cikin ƙasa suna rububin abinci da ƙwayoyin bakteriya. Wasu daga cikinsu kan fitar da sinadarin da ke hana bakteriya gina bangon jikinta, sai ta fashe ta mutu.

A shekarar 1928 wani likita a Landan, Alexander Fleming, ya lura funfuna ta faɗa farantin gwajinsa, ƙwayoyin cutar da ke kewaye da ita kuma sun mutu. Asalin fenisilin ke nan, kakan amoxicillin da muke saye a kemis.

Amma a 1945 Fleming ya yi gargaɗi cewa in maganin da aka sha bai kai ƙima ba, ƙwayar cuta takan saba da shi, ya daina yi mata komai.

Saboda haka uwargida, ki daina sayen kafso biyu don yaro na mura, ba ya maganin mura. Wanda likita ya rubuta kuwa, a sha yadda ya ce, kada a raba wa maƙwabciya ragowar.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.