Idan Karen Farauta Ya Tsufa

Wannan magana taku ce, mafarautanmu na Gagarawa, Gumel, Sule Tankarkar har Maigatari. Yau maganar tsohon kare za mu yi, wanda ya gama yi muku gudun zomo da kurege, ƙafa ta yi sanyi, haƙori ya fara zuba.

A Ingila da Amurka akwai siraran karnuka masu dogayen ƙafafu, kusan irin namu na farauta, da ake sa su tsere. In ƙarfinsu ya ja baya, ƙungiyoyi kan raba su gidaje su saba da zaman gida. Mu nan sai a sake shi ya bi bola. To, daga nan matsalar ke farawa, domin karen da ke yawo shi ke haɗuwa da mahaukacin kare, ya kwaso cuta ya kawo cikin yara.

Ka riƙe abinka. Sai dai ka sani, ƙafa ce ta gaji, halin yana nan. Kaza ta gifta da gudu, zai bi ta. Makonnin farko ka ɗaure shi a inuwa, nesa da akurki da 'yan awaki, kana zagayawa da shi safe da yamma. A hana yara jan wutsiyarsa ko taɓa shi yana cin abinci. Irin wannan kare ba shi da kitse sosai, ƙasa mai tauri tana ci masa gwiwa, hunturu kuma yana wahalar da shi. Tsohon buhu ma ya isa shimfiɗa. A jiƙa masa tuwo ya yi laushi, kar a ba shi dafaffen ƙashin kaza, yana tsagewa ya soke hanji. A riƙa duba kunnuwa saboda kaska.

Babbar magana ita ce allurar haukar kare. Kowace shekara a kai shi wurin likitan dabbobi, tsufa ba ya ɗauke masa ita. In kuwa ya ciji mutum, ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, a wuce asibiti ran nan, kamar Babban Asibitin Gumel. Kar a tsaya shafa toka ko barkono. Cutar kan yi wata ɗaya zuwa uku ba ta nuna ba, in ta nuna kuwa da wuya a tsira. Shi kuma karen a tsare shi kwana 10 ana lura da shi, a sanar da likitan dabbobi.