Tsakanin Bori da Zaƙami: Abin da Masana Suka Rubuta da Abin da Ya Shafi 'Ya'yanmu





Kwamitin shirya taro ya ɗora mana nauyin yin magana a kan shaye-shaye. Mun ga ya dace mu biyo wa maganar ta wata hanya dabam da wadda aka saba, saboda wata hujja da ta fara yawo a bakin samarinmu masu ɗan boko. Sun karanta a intanet cewa al'ummomi da yawa suna amfani da tsirrai masu juya hankali wajen ibadunsu na gargajiya, har ma Turawa na biyan kuɗin jirgi su je su sha. Daga nan sai su ce ai kakanninmu ma da wannan suka yi bori, don haka abin gado ne. A cikin maganar akwai ƙwayar gaskiya, shi ya sa tsawa kaɗai ba ta isa ta kashe ta. Sai an zauna an tankaɗe. Tun da wuri muna so a fahimci cewa ba mu zo kiran kowa zuwa ga bori ba. Hukuncinsa malamai sun gama bayyana shi tun zamanin Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Tarihi za mu duba, da abin da masana al'adun al'ummomi suka gani da idonsu suka rubuta.

Kalmar da yaran ke yawan ambata ita ce shaman. Asalinta daga harshen mutanen Ebenki ne na ƙasar Saberiya, can arewacin Rasha, inda ake kiran bokan da ke buga tambarinsa har ya fita hayyacinsa da wannan suna. A imaninsu, kurwarsa ce ke barin jiki ta tafi wata duniya ta nemo wa marar lafiya waraka. Wani masani ɗan ƙasar Romaniya, Mircea Eliade, shi ne ya yaɗa kalmar da littafinsa na 1951. Masanan da suka biyo baya sun rarrabe tsakanin wannan da irin abin da aka sani a ƙasar Hausa. A can, mutum ne ke tafiya wurin iskoki. A bori kuwa, iska ce ake cewa ta zo ta hau mutum, shi ya sa ake kiran namiji doki, mace kuma goɗiya. Ke nan tun daga tushe, wanda ya kira ɗan bori shaman ya gwama abubuwa biyu da ba ɗaya ba.

Baturen da ya fara tara bayani mai yawa a kan bori shi ne Manjo Tremearne, wanda ya yi aikin soja a Arewa. Wani abin mamaki, yawancin abin da ya zuba a littafinsa na 1914 ba a nan ya samo shi ba. A biranen Tunis da Tarabulus ya zauna da Hausawan da bauta da fatauci suka kai can, ya tarar suna riƙe da sunayen iskoki da kirarinsu. Shekara guda bayan fitowar littafin aka kashe shi a Yaƙin Duniya na Farko. Har yau a Tunis akwai wani kiɗa da ake kira stambeli wanda ake jin kalmomin Hausa a cikin waƙoƙinsa, a Sudan ma ana haɗa sunan bori da na zar.

Bayansa sai Ba'amurke Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939, littafinsa ya fito a 1946. Shi ne dai daga baya ya yi suna wajen karkasa harsunan Afirka, ya sanya Hausa cikin dangin harsunan Cadi. Sai Mary Smith, wadda ta rubuta labarin rayuwar Baba ta Karo daga bakinta, aka buga a 1954, inda tsohuwar ta yi ta ambaton bori kamar yadda mace ke ambaton kowane sha'ani na gida da unguwa. A Maradi wata Bafaranshiya, Jacqueline Monfouga-Nicolas, ta fitar da nata a 1972. Fremont Besmer ya bi makaɗan garaya da goge, ya buga nasa a 1983. Adeline Masquelier kuma ta zauna a Dogon Dutsi cikin Arewa ta Jamhuriyar Nijar, littafinta ya fito a 2001.

Duk wanda ya karanta waɗannan littattafai, abin da zai fara lura da shi shi ne yawan doka. Iskokin da kansu an tsara su kamar masarauta. An ce birninsu Jangare, sarkinsu Sulemanu, kuma Besmer ya lissafa gidaje 12 a cikinsa. Ga Malam Alhaji da tasbaha da tari irin na tsufa, ga Ɗan Galadima ɗan sarki mai caca da kyauta, ga Kuturu, ga Kure, ga Inna da ake jin tsoro. Kowanne da tufafinsa, da launin dabbar da ake yanka masa, da takensa. Mutum ba ya wayi gari ya ce shi ɗan bori ne. Yawanci ciwo ne da ya ƙi jin magani ke kai shi, sai a yi masa girka, a killace shi kwanaki a ƙarƙashin kulawar manya, a koya masa yadda kowace iska ke tafiya da magana. A fagen wasa kuma, makaɗi ne ke kiran iska da takenta da kirarinta, akwai masu kula da wanda aka hau don kada ya ji ciwo, kuma ana sallamar iskar da atishawa. Wani masanin kiɗa Bafaranshe, Gilbert Rouget, ya yi nazarin irin wannan a ƙasashe da dama, ya nuna a 1980 cewa kiɗan ma ba shi da wani sirrin da ke bugar da mutum da ƙarfin tsiya. Ga makaɗin nan da 'yan kallo suna jin sauti ɗaya, ba su faɗi ba. Wanda aka horar ne kawai ya san takensa ya amsa.

A nan hujjar samarin ta fara yin rauni. Girka tana da saiwoyi da turare, babu musu. Amma ginshiƙin abin da masanan suka bayyana shi ne kiɗa da horo da jama'a. Yaron da ya laɓe a kango ya sha abin da zai gusar masa da hankali shi kaɗai, ko a ma'aunin 'yan borin ma ba shi da wurin zama.

Wani Baturen Birtaniya, I. M. Lewis, ya kawo ra'ayi a 1971 cewa irin wannan hawan iska ya fi yawa ga matan da ba su da bakin magana a gida, ta nan suke samun a saurare su. Wasu masana sun ce ya taƙaita abin da yawa, kuma muna ganin suna da gaskiya, domin a Gobir Inna babbar mai sarauta ce, ba abar tausayi ba. Amma ra'ayin nasa ya tuna mana da hikimar Nana Asma'u 'yar Shehu. Da ta kafa 'yan taru, ta naɗa jajis masu zagaya ƙauyuka suna karantar da mata, sai ta ɗora musu malfa, irin hular da aka san Innar Gobir da ita. Ta gane cewa matan karkara na bukatar taro da shugaba da mai jin kukansu, sai ta ba su waɗannan ta hanyar ilmi. Hani kaɗai da bai yi wannan aiki ba.

To, ina batun ƙasashen da lallai ake shan wani abu? Akwai su. A Gabon, masu addinin Bwiti na ba wanda za a shigar saiwar wani itace mai suna iboga, kuma sun san tana iya kisa, domin tana taɓa bugun zuciya. A Amurka, wasu daga cikin 'yan asalin ƙasar sun yi rajistar majami'arsu a jihar Oklahoma a 1918, suna cin wani ɗan tsiro mai suna peyote a zaman addu'a na dare guda, dokar ƙasar ta tabbatar musu da wannan dama a 1994. Su ɗin nan kuma suna daga cikin masu tsananin yaƙi da shan giya a tsakanin mutanensu.

Labarin da ya fi dacewa mutanen birni su ji shi ne na wata tsohuwa a ƙasar Meksiko, María Sabina, 'yar ƙabilar Mazatek a garin Huautla da ke kan duwatsun jihar Oaxaca. Mutanenta na da wani irin naman kaza, wato laimar kwaɗi, da suke ci da dare idan wani ya kwanta ciwo, ana addu'a ana waƙa har asuba, da nufin gano musabbabin cutar. A watan Yuni na 1955 wani babban ma'aikacin banki daga birnin New York, Gordon Wasson, ya isa garin. Da yake ba a yin zaman sai da larura, sai ya ce hankalinsa ba a kwance yake ba game da ɗansa. Tsohuwa ta yarda ta ba shi. A 1957 ya buga labarin da hotuna a mujallar Life, wadda miliyoyin mutane ke karantawa. Ya sauya mata suna, amma ba a daɗe ba aka gano garin. A 1958 wani masanin haɗa magunguna a Suwizalan, Albert Hofmann, ya ware sinadarin da ke cikin tsiron.

Abin da ya biyo baya ba daɗin ji. Samarin Amurka da Turai suka yi ta kwarara garin, ba mai ciwo a cikinsu, suna ci da rana tsaka a kan hanya. 'Yan sanda da sojoji suka shigo. Mutanen gari suka ɗora wa tsohuwar laifin tona asiri, aka ƙone mata gida. Daga baya ta faɗa wa wanda ya rubuta tarihinta cewa tun zuwan baƙin, abin ya rasa ƙarfinsa. Wasson da kansa ya rubuta nadamarsa a 1970. Ita kuwa ta rasu a 1985 cikin talauci. Yau likitoci na gwada wannan sinadari, har ƙasar Ostareliya ta ba wasu likitocin ƙwaƙwalwa izinin amfani da shi tun daga Yulin 2023 ga masu ciwon damuwar da ya ƙi jin magani. Amma a asibiti ne, da awo, bayan an tantance marar lafiya, ana zaune kusa da shi. Wannan sashen ne yaranmu ba su karantawa.

Mu dawo gida. Tsiron da ke bayan gidajenmu, a kan juji da gefen makabarta, mai farin fure kamar kakaki da 'ya'ya masu ƙaya, kowa ya san shi. Zaƙami ne, kuma kakannin da ake jingina wa abin su ne suka raɗa masa suna haukata yaro. Wanda ya sa wa abu wannan suna ya riga ya faɗi ra'ayinsa a kansa. A cikinsa akwai sinadaran da likitoci ke kira atirofin da sikofolamin. Suna da amfani a hannun masana: da na farkon ake buɗe ƙwayar ido a duba cikinsa, da shi ake ceton wanda ya sha maganin ƙwari. Haɗarin shi ne ƙarfin dafin ya bambanta daga wannan tushe zuwa wancan, har daga damina zuwa rani. Abin da wani ya sha jiya ya tashi, shi wani zai sha yau a kai shi kushewa.

Muna roƙon iyaye mata musamman su riƙe alamominsa. Baki da maƙogwaro su bushe ƙamas. Jiki ya yi zafi amma babu gumi. Baƙin ido ya buɗe, yaro ya kasa kallon haske. Zuciya ta riƙa bugawa da sauri, fitsari ya ƙi fita. Sai ya fara magana da mutanen da ba su nan, yana tsintar abin da babu a jikin tufafinsa, yana neman tuɓewa ya fita da gudu. Yakan ɗauki kwana ɗaya ko biyu ko fiye, in ya farfaɗo kuma ba ya tuna kome. Ranka ya daɗe, wace uwa ce za ta ga wannan ba ta ce iska ce ta taɓa ɗanta ba? Nan ne ake asarar rai. A ɗaure yaro, a rufe shi a ɗaki mai zafi ana turare, alhali zafin jikin ne ke neman hallaka shi. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. A yi ta a cikin mota, a kan hanya.

Zaƙami kuwa ƙaramin yanki ne na matsalar. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da gwamnatin Nijeriya, na shekarar 2018, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 da suka yi amfani da wani abin maye cikin shekara guda, ban da giya da taba. A shekarar ce kuma gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Ku da ke birni kun fi mu sanin abin da ya maye gurbinsa, kuma kun san motar da ke kawo ku gida da salla ita ke kawo sabon yayi.

Abin da muke nema daga ƙungiya ba mai tsada ba ne. A ware wani abu daga kuɗin bana a sa matasa su tumɓuke zaƙamin da ke kewaye da makarantun firamare da kasuwa kafin ya yi 'ya'ya, a ƙone shi nesa da gidaje, kada kowa ya tsaya cikin hayaƙin. A gayyaci ɗaya daga cikin 'ya'yanmu likitoci ya zauna da ungozomomi da wanzamai da limamai yini guda a kan alamomin da muka ambata. Sannan akwai tsofaffinmu da suka san sunan kowane tsiro na dajin nan, da wanda ake sha da wanda ba a kusanta. Tremearne sai da ya je Tunis kafin ya rubuta namu. Mu kuwa ga su nan a zaurukanmu, kuma muna da ɗalibai a jami'o'i da ke neman abin da za su yi bincike a kai. Muna ba da shawarar sakataren ilmi ya haɗa sunayen ɗaliban da na tsofaffin kafin hutun ƙarshen zango, a fara da waɗanda suka fi manyanta.