Zaɓen Faifan Ajiya da Mai Sarrafa Shi cikin Rahusa: Abin da Ya Dace da Kwamfutar Tebur a Badaguishiri da Kewaye

Gabatarwa

Garin Badaguishiri, da ke gundumar Illela a jihar Tahoua, yana kan hanyar da ta haɗa Birnin Ƙonni da Tahoua, kuma kamar sauran garuruwan kasuwa na ƙasar Adar, ofisoshinsa da makarantunsa da shagunan buga takardu suna ƙara dogaro da kwamfutar tebur. Wannan takarda ta dubi sassa biyu na irin wannan kwamfuta, wato faifan ajiya, wanda bayanai ke zaune a cikinsa ko da an ɗauke wuta, da mai sarrafa faifai, wanda shi ne ɗan guntun lantarkin da ke kai da komo da bayanai tsakanin faifan da ƙwaƙwalwar kwamfuta. Matsayarta ita ce a taƙaita kashe kuɗi kan mai sarrafawa, a karkatar da su ga faifai na biyu da kariyar wuta.

Mai Sarrafa Faifai

Kusan kowane babban allon kwamfuta yana zuwa da nasa mai sarrafawa da 'yan kafofin SATA, wato mahaɗar da ake jona faifai da ita. Zubi na uku na SATA, wanda ya fito a 2009, yana ɗaukar gigabit 6 a daƙiƙa, alhali faifai mai juyawa da wuya ya kai rabin haka, don haka sayen katin sarrafa faifai mai tsada ba ya ƙara masa gudu. Sai kafofin sun ƙare ake bukatar katin ƙari da ake sokawa a ramin PCIe, irin mai guntun ASM1061 na ASMedia mai kafa 2, ko JMB585 na JMicron mai kafa 5.

Tsarin haɗa faifai da yawa su yi aiki tamkar ɗaya shi ake kira RAID, kuma David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley ne suka fayyace shi a 1988. RAID 0 yana rarraba bayanai kan faifai biyu domin sauri, amma mutuwar ɗaya asarar duka ce. RAID 1 kuwa yana rubuta abu ɗaya a kan kowannensu, ta yadda idan ɗaya ya lalace aiki ba ya tsayawa. Manhaja na iya yin wannan kyauta, ta hanyar mdadm a Linux ko Storage Spaces a Windows, kuma hakan ya fi dacewa da yankin, domin idan katin RAID na musamman ya ƙone, sau da yawa ba a iya karanta faifan sai an samo irinsa, wanda nemansa kan kai mutum har Sakkwato ko Kano.

Faifan Ajiya

Kamfanoni uku ne suka rage a ƙera faifai mai juyawa: Seagate da Western Digital da Toshiba. Mai juyi 5400 a minti ya fi mai 7200 ƙarancin zafi da cin wuta, kuma ya wadatar wajen adana takardu. Akwai kuma bambanci tsakanin CMR, inda layukan rubutu ke jere ba tare da sun taɓa juna ba, da SMR, inda kowane layi ke hawa gefen na kusa da shi. Na biyun ya fi araha, sai dai yana nawa ƙwarai idan rubutu ya yawaita, musamman lokacin sake cika faifai a RAID.

Faifan gwanjo shi ne inda karin maganar nan ta araha ba ta ado ta fi tabbata, saboda haka wajibi ne a jona shi a gaban mai sayarwa, a buɗe rahoton lafiyarsa da ake kira SMART da manhaja irin CrystalDiskInfo. Layi mai lamba 9 yana nuna awannin da ya yi yana aiki, masu lamba 5 da 197 kuma suna ƙidaya gurabun da suka lalace ko suke shirin lalacewa, kuma duk faifan da ya nuna wani abu sama da sifili a waɗannan biyun, ko aka ji yana ƙas-ƙas idan an kara kunne, a bar wa mai shi.

Zafi, Ƙura da Wuta

A bazara zafi a yankin yakan haura digiri 40, yayin da akasarin faifan tebur iyakarsu digiri 60 ce, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka, don haka dole a sa fanka ta fuskanci faifan, a riƙa kakkaɓe akwatin a kai a kai. Ko da yake an buɗe tashar hasken rana mai megawat 7 a Malbaza a 2018, katse wutar da Najeriya ta yi wa Nijar a Agustan 2023 ya nuna cewa ba a rabu da ɗaukewar wuta ba, kuma ɗaukewarta ana tsakiyar rubutu na iya gurɓata fayil. Maganin wannan shi ne akwatin batir mai riƙe wuta na 'yan mintuna, domin a kashe kwamfuta cikin tsanaki.

Kammalawa

Shawarar takardar ga ofishi ko shago mai ƙaramin ƙarfi ita ce ya yi amfani da kafofin babban allo, ya sayi faifan CMR guda biyu ya haɗa su a RAID 1, ya tanadi akwatin riƙe wuta, sannan ya riƙa kwafe bayanai duk mako a faifan waje da ake ajiyewa a wani gini dabam. Wannan na ƙarshe ba abin sakaci ba ne, domin fayil ɗin da aka goge bisa kuskure, ko ƙwayar cutar kwamfuta ta ɓata, yana ɓacewa daga faifan biyu lokaci guda, kuma rajistar haihuwa ko sakamakon ɗalibai da suka salwanta ba a sayo su a kowace kasuwa.